Musayar Waƙa: Ta'aziyyar Likitan Yara

Tsohon malamin makaranta:

Assalamu alaikum. Allah ya yi wa likitan da ya duba 'ya'yana, ya kuma duba jikokina a ƙaramin asibitinmu, rasuwa. Na ɗora amsa-amon a kan "ra", duk wanda ya san shi sai ya karɓa daga inda na tsaya.

Da sunan Allah nake so in fara,
Wanda ya ba mu amanar 'ya'ya domin mu lura.
Likitanmu ya amsa babban kira,
Wanda idan ya zo ba a ce masa ya jira.
An neme shi a birni, an yi masa tayin kujera,
Ya ce yaran da suke buƙatarsa suna karkara.
Ya zauna da mu shekara bayan shekara,
Har wanda ya auna a tsumman goyo ya kawo masa nasa yara.
Kullum gargaɗinsa gare mu shi ne kada mu makara,
Jiya kuwa mu ne muka ɗauke shi a kan makara.

Wata uwa:

Malam, ka taɓa mini daidai inda yake ciwo,
Na tuna daren da autana ya kwana da zawo,
Maɗigarsa ta faɗa, na goya shi na kawo,
Likita ya ja fatar cikinsa, ta jima kafin ta dawo,
Na ce masa don Allah a yi wa yaron nan allura.

Ya ce, "Allura ba ta mayar da ruwan jiki, ki yi haƙuri,
Ki auna lita 1 ta ruwa mai tsabta tun da fari,
Ki zuba ƙaramin cokali 6 a shafe na sukari,
Da rabin ƙaramin cokali kacal na gishiri,
Ki ba shi kaɗan-kaɗan, in ya yi amai ki jira minti 10 ki ƙara."

Ya hana ni janye masa nono ko da sau ɗaya,
Ya zauna yana ƙirga cokulan tare da ni har safiya,
Da yaron ya yi fitsari ya ce, "To, ga alamar lafiya,"
Ya ba ni ƙwayar zinki ta kwana 14 kafin in yi tafiya,
Autan nan shi ne jiya ya kama gefen makara.

Ma'aikaciyar jinya da ta yi aiki da shi:

Allah ya jiƙansa. Yabo kawai ba zai nuna shi yadda yake ba, saboda haka ku yi mini uzuri in faɗi ɗaya gefen.

Yaya, kin faɗi gaskiya, amma akwai saura,
Ni da na yi aiki a ƙarƙashinsa zan ɗan gyara.
Yana da faɗa, kuma faɗansa ba ya sarara
Idan ya ga adadin numfashin yaro da ka aka tsara.
Sai ya kwance agogonsa ya miƙo mini ya ce in lura,
Minti 1 cur, ido a kan ƙirji, ba a ragewa ba a ƙara.
Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ya ja 60 a yi hattara,
Daga wata 2 zuwa shekara guda, 50 ita ce ishara,
Daga nan zuwa shekara 5, 40 ta isa a ankara
Cewa wataƙila ciwon haƙarƙari ne ya fara.
Na taɓa ƙirga rabin minti na ninka, ganin mutane suna jira,
Ya gane, ya sa na sake a gaban iyayen yara,
Sai da na yi kwana 3 ina fushi kafin na haƙura.
Mai faɗan nan kuwa, abin sauraron ƙirji idan zai ɗora,
Sai ya ɗumama shi a tafin hannunsa, kada sanyi ya sa yaro ya zabura.

Matashin likitan da ya gaje shi:

Inna, faɗan nan ni ma ya same ni, da wuya in manta,
Ni ne na gaji ɗakinsa da littafin da ya rubuta,
A shafukan farko ƙyanda ce sarauniyar cuta,
Cikin waɗanda ta bari da rai, wani ta kurmanta, wani ta makanta,
Can gaba sunanta ya yi ta raguwa albarkacin allura.

A 1974 ne Hukumar Lafiya ta Duniya
Ta faɗaɗa shirin rigakafi domin ya kai ga kowane ɗa da ɗiya,
A 1980 aka shelanta an gama da agana gaba ɗaya,
Nasa fagen kuwa firiji ne guda da ma'aunin zafi a tsakiya,
Tsakanin digiri 2 da 8, safe da yamma yana lura.

Idan dare ya yi aka ɗauke wuta,
Yakan fito da tocila, ba ya yarda ya huta,
Ya mayar da kwalabe akwatin sanyi kada zafi ya lalata,
Domin jaririn da ya cika 9 a lissafin wata
Ya sami maganin da ke aiki, kada tafiyar uwarsa ta zama asara.

Wani dattijo:

Na daɗe ina karanta baitocinku ban sa baki ba, domin tawa ba irin taku ba ce.

Ɗana likita, tunda littafin yana hannunka, ka buɗe ka lura,
Akwai sunan 'yata, ba ta cikin waɗanda aka yi nasara.
Kwana 4 tana zazzaɓi, uwarta na cewa mu tafi, ina cewa a jira,
Sai da ta fara jijjiga na sungume ta, ashe na makara.
Ya nemi jijiya a hannu da ƙafa, duk ta gagara,
Ya same ta a fatar kai, ya rataya ruwa ya ɗaura.
Kafin asuba ta cika, na sunkuyar da kai ina jira
Ya tuna mini gargaɗinsa, ya ɗauki laifin ya ɗora.
Sai ya cire farar rigarsa ta aiki ya yi mata sutura,
Ya tambaye ni ƙannenta nawa ne suka yi saura,
Ya ce in kawo su rigakafi, kuma in kawo kowane zazzaɓi tun ya fara.
Su 3 ne, duk sun girma, ƙaramar ma ta yi aure bara.

Matashin likitan ya sake amsawa:

Baba, Allah ya jiƙanta. Na buɗe, na same ta.

Ga sunanta nan, ga nauyinta, ga adadin shekara,
A gefe ya rubuta da jan biro, yadda mai duba zai ankara:
"Ƙanne 3, idan ba a kawo su ba a bi su gida, kada a jira."
A ƙasa ya ja layi 3, kowane da ranar da aka yi masa allura.