An manta auduga a cikin ƙanwata bayan tiyata, ina ake kai ƙarar likita?

Abban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu sani a taimaka. Ƙanwata aka yi wa tiyatar haihuwa a wani asibitin kuɗi, bayan an sallame ta ciki ya dinga ciwo ga zazzaɓi ba dare ba rana, duk komawar da muka yi sai a ce ai ɗinki ne bai gama warkewa ba, a rubuta allura a karɓi kuɗi. Da abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa muka kai ta wani asibitin aka yi hoto, aka sake buɗe ta, sai ga audugar aiki a ciki har ta tara mugunya. Yanzu da sauƙi alhamdulillahi, amma likitan ko wayarmu ya daina ɗagawa. Wani ya ce in kai ƙara NMA, haka ne?

Maman Nana:
Subhanallahi, Allah ya ƙara mata lafiya. Ni dai da za ka ji tawa ku bar wa Allah, tunda ta rayu jaririn ma ya rayu. Shari'a da likita wahala ce kawai, duk bakinsu ɗaya.

Ɗan Fagge:
Haba Maman Nana, ai wannan "a bar wa Allah" ɗin ne ya sa gobe zai yi wa matar wani. Abban Khalifa, NMA ƙungiyar likitoci ce, ba ita ke ba da lasisi ba balle ta ƙwace. Wurin da za ka je shi ne MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista, hedikwatarta na Abuja. Kuma ba wasiƙa kawai za ka rubuta ba, sai an yi takardar rantsuwa, a zayyana komai da ranakunsa, ranar tiyata, ranakun da kuka koma, abin da aka ce muku. Akwai kwamitin bincike da zai fara dubawa ya nemi likitan ya kare kansa, in sun ga akwai ƙamshin laifi sai su tura shi gaban kotun ladabtarwa ta likitoci. Hukuncin ko dai gargaɗi, ko dakatarwa wadda ba ta wuce wata 6, ko a soke sunansa daga rajista gaba ɗaya, shi kuma yana da damar ɗaukaka ƙara.

Amma fa ka sani su ba sa sa a biya ka ko sisi. In diyya kuke so, kuɗin tiyata ta biyu da wahalar da ta sha, wannan sai kun ɗauki lauya kun je babbar kotu.

Nas Hauwa:
Gaskiya ya faɗa. Ni a tiyata nake aiki, ƙa'ida ce ana ƙirga auduga da almakashi da komai kafin a fara, a sake ƙirgawa kafin a rufe ciki, in lissafi bai cika ba ba a ɗinki. To ka ga ba likitan kaɗai ba ne, har nas ɗin da ta yi ƙirgar, ita kuma hukumarta daban ce, ta nas-nas da ungozomomi. Abin da ya fi ba ni haushi ma ba mantuwar ba ne, mace ta dawo da zazzaɓi bayan tiyata kuma a kasa tura ta hoto? Yaya, tun yau ka je asibiti na biyu ka nemi rahoton likitan da ya ciro audugar a rubuce da sa hannu da hatimi, ka haɗa da hoton da duk wani rasit, ka yi musu fotokwafi. Kar ka ba kowa na asalin.

Abban Khalifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Rasit duk suna nan wajen mijinta. To rantsuwar ni zan yi ko ita?

Ɗan Fagge:
Ita ya fi, tunda a jikinta aka yi kuma tana iya magana. Mijin ya raka ta kotu, akwai jami'in da ke rantsarwa.