Neman kalmar Hausa: me za mu kira "great circle distance"?

Jama'a barkanmu da warhaka, masu aikin fassara da 'yan jarida na nan Abuja ku matso kusa. Kalmar nan tana yawan fitowa in ana maganar nisan tafiyar jirgin sama, kuma har yau kowa rubuta ta yake da Turancinta ya wuce, alhali abu ne da za mu iya faɗa da bakinmu.

Ga abin da take nufi. Duniya ai mulmulalliya ce, to in ka ɗauki lemo ka diga alama biyu ka ja zare a tsakaninsu ya miƙe tsam, inda zaren nan ya kwanta nan ce hanya mafi kusa. Da ita ake auna nisa tsakanin filin jirgi da filin jirgi. Daga filin Nnamdi Azikiwe zuwa Landan kusan kilomita 4,800 ne, awa shida da 'yan kai, zuwa Jidda kuma wajen 3,700. Singafo zuwa New York ya haura 15,000, mutum sai ya yi awa 18 ko fi a zaune.

Inda abin yake rikita mutane shi ne taswira. Irin wadda wani masanin taswira mai suna Mercator ya zana a 1569 ta shimfiɗe duniya ne, shi ya sa in ka kalli allon da ke bayan kujera a jirgin Landan zuwa Los Angeles sai ka ga ya lanƙwasa ya bi ta Girinlan da arewacin Kanada, ka ɗauka zagaye direban yake yi, nan ko shi ne ya bi kusa. Da wannan lissafin ake fitar da alƙibla ma, shi ya sa 'yan uwanmu a New York arewa maso gabas suke fuskanta duk da Makka tana kudu da su a taswira.

To, shawarwarin da aka kawo. Wani malami ya ce "nisan babbar da'ira". Malam Allah ya ƙara basira, ma'anar ta fito daidai a aji, amma ka faɗa wa maniyyaci a sansanin alhazai ka gani, da'ira a kunnensa zagaye ce, mu kuma kishiyar zagaye muke son faɗa. Wata 'yar uwa ta ce "miƙaƙƙiyar hanya", ita ma da daɗi, sai dai a taswira ba a miƙe take ba, gardama za ta dawo sabuwa.

Ni dai ina kan "yanke". Duk direban da ke gudun cunkoson Nyanya da Mararaba ya san mene ne bin yanke, ba sai an masa bayani ba. Sai mu ce hanyar yanke ga hanyar, nisan yanke ga awon. Da fari na so "yanken sama" amma a rubuce zai riƙa rikicewa da yankin sama, kuma jiragen ruwa ma suna bin ta, don haka a bar saman.

Amma a kula, nisan yanke ba shi ne ainihin abin da jirgi yake ci ba, iska da ƙasashen da suka rufe samaniyarsu kan sa ya kauce kaɗan. A labari sai a rubuta: nisan yanke daga Abuja zuwa Jidda ya kai kusan kilomita 3,700. Mutanen Jos da Kano ku gwada shi a bakinku ku faɗa mana in ya zauna.