Neman kalma kafin Juma'a: me za mu kira "crossover" a wasannin faɗa na gem?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Ina da fili a shirin matasa na rediyo ranar Asabar, kuma dole in miƙa rubutun kafin a tafi masallaci ranar Juma'a. Sharhi zan yi kan tsofaffin wasannin Marvel vs. Capcom da kamfanin Capcom ya tattara ya sake fitarwa a 2024, musamman na biyu, wanda ya fara fitowa a 2000. Kalmar crossover ce ta tsaya mini a wuya. Abin nufi, a kwaso jarumai daga gidaje daban-daban, waɗanda asali babu abin da ya haɗa su, a zuba su a fili ɗaya su gwabza. Ga Ryu da Chun-Li daga Street Fighter, ga Wolverine da Spider-Man daga Marvel, ga Mega Man, ga Jill ta Resident Evil. Kalmar za ta yi ta maimaituwa a shirin, don haka gajeriya nake so, wadda zan iya cewa "kaza mai kyau" ko "kaza marar kyau". Ku taimaka.

Mai Gidan Gem:
Wa'alaikumus salam. Haɗin gambiza. Kowa zai gane.

Malamar Aji Shida:
A'a ɗan'uwa. Haɗin gambiza hukunci ne, ba suna ba. Da ka faɗe shi ka riga ka ce abubuwan da aka haɗa ba su dace da juna ba. Yaya zai ce "haɗin gambiza mai kyau"? Ni ina ganin gamayya ko haɗaka. Wasan gamayya, wasannin gamayya.

Sarkin Turmi:
Haɗaka ta tafi siyasa, mai sauraro zai ɗauka zancen jam'iyyu za a yi. Gamayya kuma ta 'yan gefe ɗaya ce, kamar gamayyar ƙungiyoyin ƙwadago. Su waɗannan dukan juna suka zo yi. Me ya hana karon batta?

Malamar Aji Shida:
Karon batta duk wata karawa ce tsakanin gwanaye biyu. Ryu da Ken ma karon batta ne, alhali gidansu ɗaya. Abin da ake nema shi ne bambancin gida.

Tsohon Tafinta:
Ku dakata yarana. Kuna ta aron tsofaffin kalmomi kuna ɗora musu kayan da ba nasu ba, alhali Hausa tana da hanyar haihuwar sababbi. Ku duba: so, soyayya, ƙi, ƙiyayya, ja, jayayya, aure, auratayya. Wannan ɗafin shi ke nuna abin da ɓangare biyu ke yi wa juna. A nan me ya faru? Kowane jarumi ya ƙetare iyakar duniyarsa ya shiga ta wani. Saboda haka ƘETARAYYA. Kalma ɗaya ce, tana kan ƙa'ida, kuma ba ta da wata ma'ana da za ta rikita mai ji. Ɗan Fagge, ka ɗauke ta. In ka faɗe ta sau biyu da bayani, na uku ta zauna.

Mai Gidan Gem:
Baba, da girmanka, babu yaron da zai shigo shagona ya ce a sa masa ƙetarayya. Wanda ya ji zai zaci ƙeta ake nufi, ko tafiya ƙasashen ƙetare. Yaran da ke bibiyar waɗannan wasanni kurosoba suke cewa. A rubuta shi haka da Hausa a wuce wurin, kamar yadda muka yi wa kwamfuta da intanet.

Tsohon Tafinta:
Wannan shi ne ciwon da ke damuna. Ba a ko gwada ba, an riga an miƙa wuya. Da waɗanda suka riga mu sun yi irin wannan ragwanci, da yau ba mu da jirgin sama, ba mu da Majalisar Ɗinkin Duniya, ba mu da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Mutane ne irinmu suka zauna suka ƙera su. Har kalmar "gem" da kuke ta maimaitawa ban yarda da ita ba, wasa bai ishe ku ba?

Sarkin Turmi:
Baba, wasa ai har da langa da dara da ƙwallo. Gem ya bambance wanda ake yi a allo. Kuma misalin da ka kawo yana da fuska biyu: a rediyo ana cewa bugun daga kai sai mai tsaron gida, a gidan kallo kowa fenariti yake cewa. Duka biyun suna raye, babu wadda ta kashe wata.

Ɗan Damagaram:
Sannunku. Mu nan Nijar da muka yi boko da Faransanci, kalmar Ingilishin ce dai muke gani a shafukan Faransa, ba su fassara ta ba. Japanawan da suka ƙera wasannin su ma arota suka yi suka lanƙwasa da bakinsu. To amma kurosoba ba za ta ce wa mutumin Zinder ko Maraɗi komai ba, domin kunnensa bai saba da Ingilishi ba. Duk lokacin da aka yi zancen aro, sai a ɗauka duk Bahaushe ɗan Kano ne. Gamayya kam har kakata za ta gane.

Mai Gidan Gem:
Wa ya kawo zancen Kano? Ni a Jos nake.

Ɗan Damagaram:
Ba da kai kaɗai nake ba, ɗan'uwa. Abin ya daɗe. Rediyo ba ya tsayawa a kan iyaka, shirin da aka yi a can muna kamawa a nan.

Ɗan Fagge:
Don Allah mu dawo kan hanya, lokaci na tafiya. Bari in faɗi abin da sharhin zai ƙunsa, wataƙila ya taimaka wajen zaɓe.

Abin da nake son mai sauraro ya fahimta shi ne yawan jarumai ba shi ne ingancin irin wannan wasa ba. Marvel vs. Capcom 2 yana da jarumai 56, ana karawa uku da uku, kana iya sauya ɗan wasa a tsakiyar turmi ko ka kira ɗaya ya kawo maka ɗauki ya koma. In aka bi ta awo, wasan ba shi da daidaito ko kaɗan. A manyan gasa kusan kullum Magneto da Storm da Sentinel da Cable ne ke cin kasuwa, yawancin sauran sai dai su raka su. Zanen wasu jaruman ma daga tsofaffin wasanni aka kwaso, Morrigan tana nan da zanenta na Darkstalkers na 1994 a tsakiyar sababbi. Duk da haka mutane sun riƙe shi fiye da shekara ashirin, har suka yi ta roƙon a sake fitar da shi. Dalili a ganina shi ne kowane jarumi ya zo da halinsa na gida. Ryu yana jifa da hadoken, dunƙulen ƙarfin da yake harbawa daga tafukansa, da motsin hannun da ka sani tun Street Fighter II, Wolverine yana da saurinsa da faratansa, Juggernaut nauyinsa kaɗai ya isa ka gane shi. Doka ɗaya ta haɗa su, amma ba ta shafe kowa ba.

Sai ka kwatanta da Marvel vs. Capcom: Infinite na 2017. An cire duk 'yan X-Men, babu Wolverine, babu Magneto, babu Storm, alhali da su aka kafa silsilar tun X-Men vs. Street Fighter na 1996. Da aka yi ƙorafi, wani ma'aikacin Capcom ya ba da amsar da ke nuna cewa aikin da jarumi ke yi a fili shi ne abin dubawa, kuma akwai wasu da za su yi aikin Magneto. Wannan magana ta ƙona ran masoya wasan, kuma ina tare da su. Mutum Magneto yake so, ba wani mai tashi sama irin nasa ba. Tsarin faɗan Infinite ba shi da laifi, masu iyawa sun yaba shi, amma ko cikin manyan wasannin EVO ta 2018, babbar gasar wasannin faɗa ta duniya, ba a sa shi ba.

To kalmar da nake nema dole ta bar mini sarari in nuna wannan bambanci.

Sarkin Turmi:
Ka ƙara da Mortal Kombat vs. DC Universe na 2008. Nan gida biyun duka suka yi asara. Don kada a ga an yi wa Batman da Superman kisan wulaƙanci, aka sassauta kisan ƙarshen turmi da aka san Mortal Kombat da shi, masoyansa suka ce ba nasu ba ne. Su kuma masoya Superman suna tambaya yaya ɗan'adam zai naushe shi ya ji zafi, sai da labarin ya jingina abin da sihiri. A ɗaya gefen ka duba Super Smash Bros. Ultimate na Nintendo, 2018, jarumai fiye da 80. Da Masahiro Sakurai, daraktan wasan, ya shigo da Steve na Minecraft, sai da aka gyara filayen wasan domin ya iya haƙa da gini kamar a gidansu. Ryu ma in ka yi masa motsin hannun Street Fighter bugunsa ya fi ƙarfi. Wannan shi ne girmama baƙo.

Malamar Aji Shida:
Ɗan Fagge, bayaninka ya warware ƙorafin Sarkin Turmi a kan gamayya. Ya ce ta 'yan gefe ɗaya ce. Amma kai da kanka ka ce ana zaɓar uku, kuma babu abin da ya hana ka haɗa Ryu da Wolverine da Mega Man a ƙungiya guda. Ke nan ba Marvel ce ke yaƙar Capcom ba, gamuwa suka yi a fili ɗaya. Kuma tushen kalmar, gamu, yana ɗaukar duka biyun: ka gamu da aboki, ka gamu da gamonka. Sannan a gamayya kowace ƙungiya tana riƙe sunanta da shugabanta, ba ta narkewa. Abin da kake yabo ke nan a wasan 2000. Wanda aka haɗa bai haɗu ba kuwa, sai ka ɗauko kalmar Mai Gidan Gem ka ce ya zama haɗin gambiza.

Mai Gidan Gem:
In dai a nan za a sa ta, na yarda. Street Fighter X Tekken na 2012 ma ya shiga layin, ba don faɗan ba, don jarumai 12 da aka kulle a cikin faifan da ka riga ka saya, aka ce sai ka ƙara kuɗi.

Sarkin Turmi:
Wannan ba laifin haɗi ba ne, laifin ciniki ne. Kada a cakuɗa.

Tsohon Tafinta:
Malama, hujjarki tana da ƙarfi, ban musa ba, kuma gamayya ma a kan ɗafin da na kawo aka gina ta. Amma har yanzu ba ta faɗi cewa an tsallake iyaka ba, kuma nan ne zuciyar maganar take. Ranar da wani zai fassara labarin fim ko littafin zane da aka yi wa irin wannan haɗi, zai ce "fim ɗin gamayya", mutane su zaci kamfanoni biyu ne suka haɗa jari. Ƙetarayya ba ta da wannan matsala. Kun ƙi ta ne kawai don ba ku taɓa jin ta a bakin wani babba ba. Da daga jami'a ta fito, ko daga sashen Hausa na wata babbar tasha, da yanzu kuna tafa mata.

Malamar Aji Shida:
Baba, ba don haka ba ne. Ni na gwada ta a bakina, "ƙetarayya mai kyau", kunnena bai karɓa ba. Amma maganarka a kan fim gaskiya ce, a can gamayya za ta buƙaci ƙarin bayani.

Ɗan Damagaram:
Sai a ce gamayyar jarumai a karon farko. Daga nan ba mai zaton jari.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Ga abin da zan rubuta: a buɗe shiri zan ce "wasan gamayyar jarumai, wanda masu gem ke kira kurosoba", sau ɗaya tak, daga nan in ci gaba da wasan gamayya. Haɗin gambiza zan ajiye ta don hukunci a kan Infinite. Jarumi guda da aka gayyato wani wasa, kamar Akuma a Tekken 7, zan kira shi baƙo, don wannan ba gamayya ba ce. Baba, ka yi haƙuri, ba zan iya gwada sabuwar kalma a fili na minti goma ba.

Tsohon Tafinta:
Allah ya ba da sa'a. Ni dai a rubutuna ƙetarayya zan ci gaba da sawa. Kuma kurosoba ɗin nan, ko sau ɗaya ne, da ka bar ta.

Ɗan Fagge:
Zan duba, Baba. Saura guda: sauya ɗan wasa a tsakiyar turmi, wanda na bar shi da doguwar jimla a sama. Canji ya yi kama da na ƙwallo, inda wanda ya fita ba ya dawowa. Akwai mai gajeriyar kalma?

Sarkin Turmi:
Karɓa-karɓa.

Mai Gidan Gem:
Wannan ma ta tafi siyasa.