Ina ya kamata manhajar bakap ta ajiye kundinta?

Malam Aminu, Kawo: Ina nan kan bakana. Manhajar bakap (mai ajiye kwafin fayiloli don gudun asara) da ke tara kundinta, wato sunan kowane fayil, girmansa, izininsa da hash ɗinsa (lambar shaida da ake lissafowa daga abin da ke cikin fayil), a rumbun bayanai guda ɗaya ba abin dogaro ba ce. Ranar da rumbun ya lalace, ga kaya jibge a diski amma ba mai sanin wane guntu ne na wane fayil. Ku duba manhajar bakap ta restic: kundinsa fayiloli ne a foldoji, sunan kowanne hash ne, nau'in SHA-256, na abin da ke cikinsa, kuma in an rubuta ba a sake taɓawa.

Injiniya Bilkisu, Barnawa: Malam, a yi lissafi. A ext4, tsarin ajiye fayiloli na Linux, gida ɗaya da ake ware wa fayil a diski yawanci bayit 4096 ne, ko da abin da ka rubuta bayit 200 ne. In kowane fayil na da ɗan fayil ɗin bayaninsa, miliyan ɗaya za su cinye kusan giga 4 a kan abin da bai wuce mega 200 ba. Ga inode, wato rajistar da kowane fayil ke buƙata a diski, wanda adadinsa tun ranar fomatin ake yanke shi. Umarnin df -h zai nuna maka akwai fili, diski kuma ya ƙi karɓar rubutu, sai ka duba df -i ka ga inode ne suka ƙare.

Malam Aminu: Ai shi ya sa restic ke ƙulle guntaye da yawa a fakiti ɗaya, da fihirisa a gefe.

Injiniya Bilkisu: To ai rumbun bayanai ke nan aka gina da hannu, suna kawai aka canza masa.

Usman, Tudun Wada: Yaya Aminu, a saka ɗaukewar wuta a lissafi, tunda ba kowane shago ke da inbata ba. Kafin fayil ya tsira sai an bi mataki huɗu: a rubuta na wucin gadi, a yi fsync (a tilasta rubutun ya sauka kan diski), a sauya masa suna zuwa na ainihi, a sake fsync a kan folda. Aka tsallake na biyu, wuta na iya dawowa a tarar da suna ba komai a ciki. SQLite kuwa, rumbun bayanan da ke zaune a fayil guda, ko dai rubutun ya shiga duka, ko kamar ba a fara ba.

Malam Aminu: In an iya riƙe shi. A yanayin aikin SQLite da ake kira WAL, sababbin rubuce-rubuce na zaune a fayil mai ƙarewa da -wal. Wanda ya kwafi babban fayil kaɗai manhaja na aiki, ko dai ya rasa na baya-bayan nan ko ya kwashi gurguwar ajiya. A ɗora shi kan foldar netwok irin NFS kuma, kulle fayil ba shi da tabbas.

Injiniya Bilkisu: Wannan laifin mai kwafi ne. A yi amfani da umarnin kwafi na SQLite, .backup ko VACUUM INTO, a bi da PRAGMA integrity_check don duba lafiyar kwafin. Kuma in kwastoma ya ce a nemo masa takardar da ya goge wata 3 baya, tambaya ɗaya ce a rumbu. A fayiloli sai an bi bakap ɗaya bayan ɗaya.

Alhaji Garba, Unguwar Rimi: Abin da ni nake tambaya shi ne, in rumbun ya ɓace, ana iya sake gina shi daga bakap ɗin kansa? Manhajar bakap ta Bacula na ajiye kundi a rumbun bayanai irin PostgreSQL ko MySQL, amma tana da bscan mai karanta ajiyar ya dawo da kundin. Manhajar bakap ta Duplicati na sake gina SQLite ɗinta daga fayilolin dlist (jerin fayiloli) da dindex (fihirisa). Inda gizo ke saƙar, in dindex sun ɓata dole ta sauko da manyan dblock masu ɗauke da ainihin kayan, kuma in ajiyar na intanet ce, data za ta yi kuka.

Malam Aminu: Ranka ya daɗe, kenan asalin yana fayiloli.

Injiniya Bilkisu: Asali a fayiloli, aikin yau da gobe a rumbu. Usman, goge rumbun na'urar gwaji, ka dawo da folda ɗaya a wata kwamfutar daban, ka turo mana minti nawa ya ci.