PD-1 na HEK293 ko na E. coli? Ku ba ni shawara kafin in yi oda

Maryam_Lab: Assalamu alaikum. Zan yi gwajin ELISA (gwajin faranti da ke nuna kamun furotin ta hanyar launi) don in ga ko antibodin da muka samar suna hana PD-1 na ɗan'adam haɗuwa da PD-L1, wato furotin biyu da haɗuwarsu ke taka wa garkuwar jiki birki. Babu ƙwayoyin halitta masu rai a aikin, faranti ne kawai da furotin. Kuɗin da ya rage na oda ɗaya ne. In sayi PD-1 ɗin da aka samar a ƙwayoyin ɗan'adam na HEK293 mai jelar Fc (guntun antibodi da ake liƙa masa), ko mai His (gajeriyar alama da ake liƙa masa) na bakteriyar E. coli da ya fi araha?

Abu_Hanif: Wa alaikis salam. Araha ba ta ado, 'yar'uwa. Ki ɗauki HEK293.

Dakta_Sani: Kada ki kusanci na E. coli. Ni na sayi furotin irinsa daga wani kamfani, na zuba wa makrofaj (ƙwayoyin garkuwar jiki), sinadaran kumburi TNF da IL-6 suka yi sama. Muka yi ta murna, har an fara rubutu. Da aka tafasa furotin ɗin aka sake zubawa, sakamako bai canza ba. Da aka sa polymyxin B kuwa, maganin da ke kama endotoksin (gubar jikin bakteriya), komai ya kwanta. Ashe endotoksin ne yake tayar da TLR4, mai gano shi a jikin makrofaj, furotin ɗinmu ɗan kallo ne. Takardar kamfanin ta ce ƙasa da EU 1 (ma'aunin endotoksin) a kowane maikrogiram, gwajin LAL namu na auna endotoksin ya ƙaryata ta. Na rubuta musu, suka ce wai ruwanmu ne ba tsafta. Ɗalibin da ke aikin sai da ya sauya batun bincikensa ɗungurungum.

Maryam_Lab: Allah ya kyauta, Dakta. Amma ni ba makrofaj a gwajina.

Dakta_Sani: Yau babu, gobe fa? Kuma har yanzu ba su mayar mana da ko sisi ba.

Zee_Biokem: Ba endotoksin ne damuwarta ba, sukari ne. PD-1 yana da gurbi 4 da sukari ke mannewa: N49, N58, N74 da N116, E. coli kuwa ba ta iya manna su. A cikin magungunan antibodi masu kama PD-1, nivolumab bai damu da sukarin ba, amma camrelizumab yana dogara da na N58. Ke ba ki san inda naki antibodin suke kamawa ba tukuna, to na E. coli zai iya sa ki zubar da mai kyau.

Abu_Hanif: Kuɗin ma bambancinsa ba yawa. Odar da muka yi kusan ɗaya suke.

Kabiru_T: Wane kusan ɗaya? Mu ninki muka gani, har da ɗoriya.

Abu_Hanif: Ka duba nauyin da ke cikin kwalbar? Wasu ƙaramar kwalba suke tallatawa.

Kabiru_T: Na duba. Kuma jelar Fc kan haɗa furotin biyu-biyu, kamun ya fi ƙarfin na gaskiya. In antibodinki na gano sakamako yana kama IgG (nau'in antibodi) na mutum, zai kama jelar ma, faranti duka ya yi launi.

Dakta_Sani: Malam Kabiru, kai da aikinka kwamfuta ce, yaushe rabonka da riƙe fifet, bututun ɗiban ruwa a lab?

Kabiru_T: Ranka ya daɗe, abin da na faɗa ƙarya ne? Maganin etanercept da aka amince da shi a 1998 ai TNFR2 (furotin mai karɓar TNF) ne da Fc, an yi shi bibbiyu da gangan don ya riƙe TNF gam.

Ɗan_Fifet: Masanin Japan Tasuku Honjo ya gano PD-1 a 1992, bai karɓi Nobel ba sai 2018. Maryam, ki kwantar da hankali, da sauran lokaci.

Zee_Biokem: Ka rufa mata asiri, shugaban aikinta ba zai jira shekara 26 ba. Ko wanne kika saya, ki juya kwalbar a santirifuj (injin juya samfur) kafin ki buɗe, garin furotin ɗin kan maƙale a murfi. Ki narkar da shi, ki raba ƙanana, ki sa a firizar -80°C.

Dakta_Sani: Firizar -80! Tamu ta haɗaka ce. Wani ya bar ƙofa a buɗe, ƙararrawa tana ta kuka, wani kuma ya zo ya kashe ƙararrawar don tana damunsa.

Ɗan_Fifet: Mu ɓarayin kwalba ne matsalarmu. Na koma rubuta “gurɓatacce” a kan akwatina, tun daga nan ba wanda ya taɓa.

Kabiru_T: Laifin shugabannin lab ne da ba sa naɗa mai kula da firiza.

Dakta_Sani: Naɗawa ake yi, ba a dai bin doka ne.

Maryam_Lab: To jama'a, akwai na HEK293 mai His babu Fc? Ko shi zan nema?

Abu_Hanif: Dakta, ita firizar taku tana da rajistar masu buɗewa kuwa?