An ce ba za a yi wa Babanmu aiki yanzu ba, mu yi yaya?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mahaifinmu ne, shekararsa 61. Idanunsa suka yi rawaya, fitsari ya koma kamar shayi, ga rama da ƙaiƙayi. Hoton CT ya nuna ciwon daji a fankiriyas, wato gaɓar da ke bayan tumbi mai taimakawa wajen narkar da abinci da daidaita suga. Likita ya ce bai kai hanta ba, amma ƙarin ya naɗe babbar jijiyar da ke kai wa hanji jini, don haka sai an fara kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin cutar daji, kafin a yi maganar aiki. Yayanmu ya dage a sayar da fili a tafi Indiya a cire ƙarin kawai. Don Allah ku taimaka mana.

Wani likitan tiyata: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Baba lafiya. 'Yar'uwa, likitanku ya yi daidai. Idan ƙari ya zagaye fiye da rabin jijiyar nan, ko an buɗe ciki da wuya a kwashe shi tas, kuma wanda aka bari zai dawo. Shi ya sa ake fara ba da haɗin magungunan kemo irin su FOLFIRINOX, ko gemcitabine da nab-paclitaxel, wata 4 zuwa 6, sannan a sake hoto a auna CA 19-9 a jini, wato sinadarin da ake bin diddigin ciwon da shi. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu ne ke kaiwa ga aikin bayan haka. Aikin cire ƙarin kuwa, wanda ake kira Whipple, babba ne: ana cire kan fankiriyas, farkon ƙaramin hanji da madaciya, a sake haɗa komai. Kafin komai ma, a sa masa ɗan bututu a hanyar madaciya don rawayar ta sauka, in ba haka ba jikinsa ba zai ɗauki kemo ba.

Wata 'yar'uwa: Mijin ƙanwata an yi masa wannan aikin bayan kemo. Yana nan, amma kullum da Creon, maganin taimaka wa narkar da abinci, yake cin abinci, ga ciwon suga ya shigo. Ku shirya wa wannan ma.

Wani dattijo: 'Yata, ku riƙe filin nan tukuna. In lokacin aiki ya zo, ku tambayi asibitin sau nawa suke yin Whipple a shekara. Inda ake yawan yinsa an fi tsira.

Mai tambaya: Mun gode ƙwarai. Na tura wa Yaya, ya ce jibi zai raka mu wurin likita.