Guideline ko regulation: wanne ake cin tara a kansa?

Ɗan Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki da wata ƙungiyar agaji a nan Garwa, ni ke juya takardu daga Turanci zuwa Faransanci, wani lokaci kuma in yi wa masu unguwanni bayani da Hausa. Makon jiya aka turo mana takarda mai shafi 12 kan rabon gidan sauro, an rubuta guidelines a samanta. Na miƙe gaban jama'a na ce ga dokar da aka kafa. Sai wani dattijo ya nuna ni da sandarsa ya ce, "Yaro, wanda ya saɓa, tara ce ko gidan yari?" Na yi tsuru-tsuru, don babu hukunci ko ɗaya a takardar. Guideline, regulation, rule, policy, duk doka nake kiransu. Wanda ya taɓa shan irin wannan kunya ya ba mu labari.

Malamar asibiti, Marwa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Mu kullum cikinsa muke. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke fitarwa kan maganin zazzaɓin cizon sauro ko shayar da jariri, guidelines ne, wato jagora daga masana. Ƙasa na iya ɗauka ta daidaita da halinta. Amma hukumar nan tana da International Health Regulations na 2005, su kuwa sun hau kan ƙasashen da suka amince da su. Daga cikinsu katin rigakafin nan mai ruwan ɗorawa ya samo ƙarfinsa. Na taɓa ganin wata baiwar Allah a filin jirgi tana zazzage jakarta kaf a ƙasa, turare, zannuwa, kwanon yaji, tana neman katin. Abin dariyar, katin cutar shawara ne, amma ba shawara ake ba ki ba, ko ki nuna ko ki tsaya. Tun 2016 ma allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, in dai katin bai ɓata ba.

Direban Kusuri:
Hajiya kin tuna min. Wani kamfani a Najeriya ya ba ni dakon kaya, aka miƙo min takarda an rubuta company policy. Ni da na yi makarantar Faransanci, ina ganin kalmar na ɗauka maganar 'yan sanda ce, gabana ya faɗi. Ashe tsarin gidansu ne kawai: kada a ɗauki fasinja a motar kaya. Ɗan sanda ba zai kama ni saboda takardar ba, amma mai gida zai karɓe makullinsa.

Tsohon magatakarda, Ngawundare:
Ɗana, shekara da shekaru na yi ina buga takardun gwamnati, bari in ɗan tsawaita. Kundin tsarin mulkin Kamaru na 1996 ya ba Turanci da Faransanci matsayi ɗaya, don haka kowace takarda tana da sunanta a ɓangarorin biyu. Abin da majalisa ta zartar shi ne loi, da Turanci law. Décret shi ne decree, na shugaban ƙasa ko firaminista. Arrêté kuwa order ake ce masa, minista ko gwamna na iya sa masa hannu. Regulation yakan zauna ƙarƙashin law, yana fayyace yadda za a aiwatar da ita, kuma ana iya hukunta ka a kansa.

Inda mu 'yan Faransanci ke faɗawa rami shi ne directive. A ofis mai gida ya ce directives, mai fassara ya rubuta guidelines, a wuce. To a CEMAC, ƙungiyar da ta haɗa mu da Chadi da wasu ƙasashe huɗu, ba haka ba ne. Règlement, wato regulation, yana aiki kai tsaye a ƙasashen shida. Directive kuma dole ne kowace ƙasa ta cim ma abin da aka gindaya, hanyar kawai aka bar mata ta zaɓa. Na ga yaro ya sassauta wannan a fassara, aka dawo masa da aikin an zane shi da jan biro.

Ni dai ban cika yarda da sunan da ke saman takarda ba. Nakan leƙa ciki. Shall da must, dole. Should, ya kamata. May, an yarje maka.

Ɗalibi daga Njamena:
Baba, mu a Chadi Faransanci da Larabci ne na hukuma, sai da na je karatu Kano na haɗu da rules and regulations a littafin ɗalibai. Na yi kwana biyu ina neman inda rules suka ƙare, regulations suka fara. Wani abokina ya ce in huta, tare ake faɗarsu, règlement intérieur ne da na sani, wato dokokin cikin makaranta.

Ɗan Garwa:
Allah ya saka da alheri. Baba, na koma na bi takardar layi-layi da fensir. Should ne ko'ina, must wuri ɗaya tak: kada a karɓi ko sisi a hannun wanda aka ba gidan sauron. Ranar Juma'a bayan masallaci zan koma wurin dattijon. Hajiya, jagora zan ce masa ko ƙa'idojin aiki? Ina tsoron in na ce jagora ya tambaye ni wane ne makahon.